Amsa: Ko littafi zai iya koya wa mutum ƙera gita?

Malam, ka tambaya ko kafinta zai iya ƙera gitar katako da littafi kawai, ba tare da maigida ba. Zai iya, amma littattafan, na Faransanci da na Ingilishi, an rubuta su ne don ƙasashe masu laima, kuma suna son a haɗa gita a iska mai danshin kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari. A nan Maradi, idan ka manna katako da damina, hunturu na zuwa zai tsage fuskar gitar, saboda kaurinta bai wuce milimita 3 ba. Shi ya sa nake ganin gara ka busar da katakon sosai, ka yi haɗin da rani.

Maɗaci ya dace da wuya da baya da gefuna. Wajen awo kuwa, ka bi littafin sau da ƙafa: idan tsawon tsirkiya milimita 650 ne, na 12 daga cikin ƙananan ƙarafan da ake jerawa a wuya, inda ake danna tsirkiya, zai zauna daidai kan milimita 325, wato rabin tsawon, kuma kuskure kaɗan yana ɓata amo. Lanƙwasa gefuna a kan bututu mai zafi hannu ne ke koyonsa, don haka ka fara gwadawa da guntayen katako.