Amsa ga mai tambaya kan "acute" a lissafi da ilimin harshe

Wa alaikumus salam ƙanena. Wallahi tambayarka ta taɓa ni. Ka ce a sakandare an koya maka "acute" kusurwa ce, yanzu kuma a darasin karin sauti, wato hawa da saukar murya a kalma, ka ji ana kiran wata 'yar alama a kan wasali (irin ta á) da wannan suna, har kana zargin ko littafin ne ya yi kuskure. Littafinka lafiya lau yake, kalma ɗaya ce take aiki biyu.

Asalinta daga Latin ne, ma'anarta abu mai tsini. A lissafi, duk kusurwar da ba ta kai digiri 90 ba ita ce, haka Yukilid, masanin lissafi na Girka, ya bayyana ta tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Ka buɗa bakin almakashi kaɗan ka duba, ka gan ta. Su kuma Girkawan da, muryar da ta tashi sama suna ce mata mai tsini, shi ya sa alamar da ke nuna tashin murya ta ci sunan. Ba don karkatar zanenta ba ne, kada wani ya ruɗe ka da wannan.

Ni ma wannan tambayar na yi ina aji biyu a jami'a. Na ɗaga hannu cikin ladabi. Malamin ya cire tabarau, ya ajiye alli, ya ƙare mini kallo, sannan ya ce in lissafi nake so ga ƙofa nan. Aji ya kwashe da dariya. Har zangon karatu ya ƙare ana kirana Mai Kusurwa, har da waɗanda ban san sunansu ba. Bai amsa ba fa! Ko kalma ɗaya. Daga ranar ban sake buɗe baki a ajinsa ba, kuma na san akwai da yawa da suka haɗiye tambayoyinsu saboda abin da suka ga an yi mini. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Yaro ya zo neman ilimi, ka kunyata shi a gaban tsaransa, me ka ƙaru da shi? Allah ya shirye shi.

Abin da zan ja kunnenka a kai, ba kowane littafi ke sa alamar a karin sama ba. Paul Newman, masanin ilimin harshe, a nahawunsa na Hausa na shekarar 2000, karin ƙasa yake yi wa alama, ya bar na sama haka nan. Wasu kuma duka biyun suke sa wa: kúukáa na hawaye, kúukàa ta miya. Don haka ka fara duba shafukan farko ka ga tsarin marubucin, kuma ka tambayi malaminku wanda yake so a jarrabawa.

'Yan'uwanmu na Nijar sun san zancen, a Faransanci ma "aigu" ɗin nan ɗaya ce ga kusurwa da alamar. Sai dai é tasu ba ruwanta da kari, yadda ake furta wasalin take nunawa. A Yarbanci kuwa, karin sama alamar take nunawa.

Kuma don Allah ka daina hadda. Ka samu tsohuwa a gida ta faɗa maka kalmomin, ka yi feɗuwarsu ba tare da furtawa ba, za ka ji inda murya ke hawa da sauka. Duk inda ka maƙale ka dawo nan ka tambaya, babu mai yi maka dariya.