Kwana biyu a birnin Rum: ta ina za a fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan je taro a Italiya, kuma zan samu kwana biyu a Rum kafin in dawo. Ina so in ga Kolosiyam da Batikan ba tare da layi ya cinye mini rana ba. Yaya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Kada ki haɗa su rana ɗaya. Suna nesa da juna, kuma kowanne yakan ci rabin yini.

Ki sayi tikitin Kolosiyam, wato tsohon filin dagar Rumawa, ta intanet tun kafin ki tashi, a shafin hukumar wurin, domin 'yan kan hanya suna ninka kuɗi. Tikitin yana ɗauke da sunanki da lokacin shigarki, don haka ki riƙe fasfo, kuma ki isa da wuri, saboda ana binciken jakunkuna a ƙofa. Tikitin nan dai shi zai shigar da ke Forum, wato dandalin tsohon birnin, da tsaunin Palatin da ke gefe. Mutane da yawa sukan kalli filin dagar da aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya su juya, alhali a Forum ne ake ganin yadda tsohon birnin ya rayu: majalisa, wuraren bauta, da titin da jarumai suke bi bayan nasarar yaƙi. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin B yana tsayawa daidai bakin wurin.

Gidajen tarihin Batikan, mazaunin Fafaroma, a rufe suke ran Lahadi, in ban da Lahadin ƙarshen wata da ake shiga kyauta, ranar kuwa cunkoso ba ya misaltuwa. Ki zaɓi safiyar wata rana, ki sauka a tashar Ottaviano ta layin A. Ba a shiga da kafaɗa ko gwiwa a buɗe.

Tikitin bas kuma, sayensa kawai bai isa ba. Sai kin saka shi a na'urar da ke cikin motar ta buga masa lokaci, daga nan yake aiki na minti 100. Masu duba tikiti ba sa karɓar uzurin baƙunta, tara suke ci. A bas mai lamba 64 ki mayar da jakarki gaba, 'yan sane sun san baƙi ne ke cika ta.

Ki sa takalmi maras tsini, domin duwatsun da aka shimfiɗa a tsoffin tituna suna gajiyar da ƙafa. Famfunan bakin titi ruwansu na sha ne, gora kawai za ki ɗauka. Idan Juma'a ta same ki a can, Babban Masallacin Rum yana arewacin birnin, kusa da unguwar Parioli.