Ɗan Yayar Maigida Ne Ke Damun Yarinyar Da Ke Ƙarƙashina

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Ni manaja ne a wani babban kanti a Kaduna. Makon jiya wata yarinya cikin masu karɓar kuɗi ta tsaya bayan an tashi, tana kuka, ta nuna mini saƙonnin da akantanmu yake tura mata a WhatsApp da tsakar dare. Ta ce sau biyu yana tare ta a sito yana riƙe mata hannu, kuma tunda ta ƙi shi kusan kullum sai ya ce kuɗinta bai cika ba, a cire a albashinta. Matsalar ita ce ɗan yayar maigida ne, yana da mata da 'ya'ya. Ina tunanin ko in mayar da ita ɗaya reshenmu, ko in haɗa su in yi musu sulhu a rufa wa juna asiri. Me kike gani? Daga wani manaja, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya saka maka da ka saurare ta har ta gama. Amma hanyoyin nan biyu da ka kawo, don Allah kada ka bi ko ɗaya.

Ta farkon ni na taɓa bin ta, kuma har yau tana ci mini rai. Lokacin da nake shugabar sashen ma'aikata a wani kamfani, wata yarinya mai buga takardu ta zo mini da irin wannan kuka. Ina ganinta yanzu, tsaye bakin tebur tana murza gefen mayafinta, ta kasa kallon idona. Na ga kamar na yi dabara, na mayar da ita wani ofis a ƙarshen gari. Kuɗin motarta ya ninka, aka fara raɗe-raɗin cewa ai laifi ta yi aka ɗauke ta, bayan wata uku ta ajiye aiki. Shi kuwa yana nan a kujerarsa, kuma wadda aka kawo a madadinta ita ma ba ta tsira ba. Abin da sauran 'yan matan suka koya daga gare ni shi ne, duk wadda ta buɗe baki ita za a ɗage.

Sulhu kuma tsakanin mutum biyu masu ƙarfi ɗaya ake yin sa. Ka zaunar da yarinya gaban mutumin da albashinta ke hannunsa, ka ce ta yafe, me kake zaton za ta ce? Za ta sunkuyar da kai ta ce "ba komai", ta koma gida ta ci gaba da kuka.

Ga abin da za ka yi gobe da safe. Ka raba shi da lissafinta. Kai da kanka, ko wani da ka yarda da shi, ku riƙa ƙirga kuɗinta a gabanta, ku sa hannu ku biyu. Ka hana a aike ta sito ita kaɗai. Wannan ba hukunci ba ne, ba ka buƙatar izinin kowa, aikinka ne na manaja.

Sannan ka zauna da ita, da wata dattijuwa cikin ma'aikata idan ta amince, ka rubuta komai: rana, lokaci, wuri, abin da ya faɗa, wanda ke kusa. Ka karanta mata, ta sa hannu. Kada ka tambaye ta irin kayan da ta sa, ko me ya sa ba ta faɗa tun farko ba. Ta ɗauki hoton saƙonnin yadda lambarsa da kwanan wata za su fito, ta ajiye a wani wuri ban da wayarta, domin WhatsApp na ba mutum damar goge saƙon da ya tura ba da jimawa ba. In kuna da kyamarar tsaro a sito, ka kwashi hotunan yau ɗin nan, yawancinsu sabo ne ke hawa kan tsoho bayan 'yan kwanaki.

Babbar shaidarka kuwa tana cikin littafin lissafinku. Ka duba watanni shida baya. Sau nawa kuɗinta ya gaza kafin saƙonnin su fara, sau nawa bayan ta ƙi shi? Ka gwada da na sauran masu karɓar kuɗi. Mutum zai iya rantsuwa cewa hannu bai riƙe ba, amma rubutun da ya yi da biro ɗinsa ba ya musuwa. Ka kuma sani cewa sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya taƙaita abin da za a iya cirewa a albashin ma'aikaci, ba a yankan sa haka kawai don akanta ya ce.

Shi ma ka ji ta bakinsa, shi kaɗai, da shaida, a rubuce. Haƙƙinsa ne. Ka faɗa masa ƙarara cewa ko kiranta ya yi, ko ya aika wani ya ba ta baki, wannan wani laifi ne daban.

Na san abin da ke hana ka barci shi ne maigida. Ka je masa da wuri, tun kafin yayarsa ta ji labarin a juye. Ka je da takarda, ka riƙe kwafi. Kada ka je da "an ce", ka shimfiɗa masa saƙonnin da littafin. In ya ce a bar maganar, ka nuna masa cewa dukiyarsa ce a kan siraɗi. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙarar cin zarafi ta fuskar lalata a wurin aiki, kuma tana da reshe a nan Kaduna. A 2013 kotun a Legas ta ci wani babban kamfanin kwamfuta diyya bayan an sallami wata ma'aikaciya da ta ƙi amincewa da shugabanta; ba mutumin kaɗai aka kama ba, har kamfanin. A 2022 kuma Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan cin zarafi a wurin aiki.

Za a ce maka ai Musulunci ya yi umarni da sutura. Gaskiya ne, shi ya sa maganar ba za ta wuce ku huɗu ko biyar ba, kuma asirin yarinyar ne farkon abin rufewa. Amma Annabi (SAW) ya ce a taimaki ɗan'uwa ko shi ne azzalumi, da aka tambaye shi ta yaya, ya ce ta hanyar hana shi zaluncin. Matarsa da 'ya'yansa da kake tausayi, shi ya kamata ya fara tuna su kafin ya ɗauki waya ƙarfe ɗayan dare.

Ita kuma ka gaya mata cewa ƙofa ba ta tsaya a ofishinka ba. Akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, akwai 'yan sanda tunda abin ya kai ga taɓa jiki. Zaɓin nata ne, kada ka tura ta, kada ka hana ta. A mayar mata da kuɗin da aka cire ba bisa ƙa'ida ba. Bayan an yanke hukunci, ka riƙa tambayarta duk ƙarshen mako ko wani ya canza mata fuska ko an canza mata lokacin aiki, domin ramuwar gayya a ɓoye take zuwa. Sauran 'yan matan ma ka sa dattijuwar nan ta tambaye su ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ambaton sunan kowa ba. Zan yi mamaki in ita kaɗai ce.

Ka sake rubuto mini bayan ka ga maigidan, in ji yadda kuka yi.