Kaza a kan dami: tambayoyin masu rubuta manhaja

Tambaya: Malam, aikina rubuta manhaja. Na sha wahala na rubuta wani ɗan kod, wato rubutaccen umarni ga kwamfuta, mai lissafa tazarar kwanaki, sai daga baya abokin aikina ya nuna mini cewa irinsa na nan kwance cikin taskar ajiyar kod da muke aiki da ita. Akwai karin maganar da ta dace da wannan? Kuma abin da muke yi a taskar, nema ne, bincike ne, ko lalube?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa: "Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami." Wasu kan ƙara "da yunwa". Dami shi ne zangarniyoyin hatsi da aka tara aka ɗaure. Lura da kyau, kazar nan ba nema ta yi ta rasa ba. Ba ta ma san akwai abin nema a ƙarƙashinta ba. Shi ya sa ban kawo maka "matambayi ba ya ɓata" ba, domin sai wanda ya zaci akwai amsa yake tambaya. A farkon shekarun 2000, Yunwen Ye da Gerhard Fischer na Jami'ar Colorado a Amurka sun ƙera wata manhaja, CodeBroker, saboda wannan matsalar. Tana karanta bayanin da mai rubutu ya sa a kan aikin da zai fara, sai ta miƙo masa abin da ya yi kama da shi daga taskar Java, wani harshen rubuta manhaja, ba tare da ya tambaya ba.

Nema kalma ce mai faɗi, ta haɗa komai. Bincike nema ne mai tsari, ana bin abu daki-daki. Lalube kuwa aikin hannu ne inda ido ba ya gani. A ganina yawancin abin da kuke yi lalube ne, kuma ba laifinku ba ne: taskar npm, inda masu rubuta manhaja da harshen JavaScript suke ajiye kod don amfanin kowa, ita kaɗai ta haura ƙunshin kod miliyan 2, kowanne da sunan da mai shi ya ga dama ya laƙaba masa.

Nan fa gizo ke saƙar, kuma nan ne sana'arku ta haɗu da tawa ta nazarin kalmomi. A 1987 George Furnas da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon wani gwaji: idan aka ce wa mutum biyu su raɗa wa abu ɗaya suna, yiwuwar su faɗi kalma ɗaya ba ta kai kashi 20 cikin 100 ba. Gwada da Hausa ka gani. Ce wa mutane su sa wa aikin raba wani abu da jerinsa suna. Wani zai ce cire, wani goge, wani share, wani soke, wani zare, wani kawar. Duk sun yi daidai, amma mai neman "goge" zai wuce ta kan "zare" bai waiwaya ba. Ko a harshen rubuta manhaja na Python akwai remove, pop, discard da del, kuma kowanne da ɗan bambancinsa.

A 1987 ɗin dai Rubén Prieto-Díaz da Peter Freeman suka kawo shawarar a siffanta kowane kod ta fuskoki da yawa: me yake yi, a kan me yake yi, a wane irin tsari. Sun ɗauko dabarar daga S. R. Ranganathan, masanin tsara littattafai ɗan Indiya, suka haɗa da jerin kalmomi masu ma'ana ɗaya. Aikin mai ƙamus ke nan tsantsa. Don haka idan ka ajiye kod, rubuta bayaninsa da kalmomin da mai nema zai zo da su, har da waɗanda kai ba ka fi so ba.

Tambaya: Malam, idan na ɗauki kod ɗin wani na sa a aikina, aro na yi ko rance?

Amsa: Ko ɗaya bai zauna daram ba. Aro, abin da ka karɓa shi za ka mayar. Rance, madadinsa za ka biya. Kod kuwa ba ya barin hannun mai shi. Idan ka kwafe shi cikin naka, ce kwafa. Idan kuma manhajarka kullum sai ta janyo shi daga taska kafin ta haɗu ta iya aiki, to dogaro ne, kuma a nan "zanen aro ba ya rufe katara" ta yi aiki. A watan Maris na 2016 mai wani ƙunshi da ake kira left-pad, layi 11 kacal, ya janye shi daga npm. Nan take dubban ayyukan da suka jingina da shi, har da fitacciyar manhajar Babel, suka kasa haɗuwa, sai da masu kula da taskar suka maido da shi.