Tambaya da Amsa: Wace Fistol Ce Ta Dace Ta Zama Ta Biyu?

Tambayoyin wannan mako sun fito ne daga masu karatu mazauna Amurka, inda doka ta yarda farar hula ya mallaki ƙaramar bindiga bisa sharuɗɗan jiharsa.

Assalamu alaikum. Ina da Glock 19 a gida, kwanan nan kuma na samu lasisin ɗaukar bindiga a ɓoye. Ta yi mini girma a ƙarƙashin riga. Wacce zan saya ta biyu?

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka kashe kuɗi, ka duba bel da kuben da kake amfani da su. Glock 19 cike da harsasai 15 tana kai kusan giram 850, bel na ado ba ya iya riƙe wannan nauyi, sai ya lanƙwashe, mariƙin ya karkata waje ya tokare riga. Sau da yawa bel mai tauri da kube mai manne mariƙi da jiki sukan kashe matsalar. Mariƙi ne ke tona asirin mai ɗauke da bindiga, bututu kuwa yana kwance cikin wando, babu mai ganinsa.

Idan duk da haka ta yi maka girma, shawararmu ita ce ta biyun ta yi aikin da ta farko ta kasa, amma ta zama ana sarrafa ta daidai yadda ake sarrafa ta farkon. Hannunka ya riga ya saba da bindigar da ba ta da makullin da ake turewa da babban yatsa. In ka sayi mai irin wannan makulli, ranar da tsoro ya kama ka za ka ja kunama ka ji shiru, domin yatsan bai koyi ture komai ba.

A gidan Glock zaɓi biyu ne a gabanka. Glock 26 tana cin harsasai 10, mariƙinta gajere ne, kuma tana karɓar magazin (gidan harsashi) na Glock 19 da na 17, wato waɗanda kake da su sun wadatar. Aibinta, kaurinta ɗaya da wadda kake kuka da ita. Glock 43X ta fi siranta, ita ma 10 take ci, amma magazin ɗinta daban ne, ba ya shiga 19. Daga waje akwai SIG P365 da ta fito a 2018: faɗinta kusan inci ɗaya, nauyinta kusan giram 500 ba harsashi, tana cin 10. A sayi wadda ba ta da makullin yatsa idan ita aka zaɓa, don ana yin ta iri biyu.

Sai dai ka san abin da za ka rasa. Harsashin 9mm, wanda duk waɗannan bindigogi ke ci, bai san girman bindigar da ya fito daga ciki ba, ƙarfinsa kusan ɗaya ne, don haka mara nauyi ta fi naushin hannu. Tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya ta gajarce, ƙaramin kuskure sai ya zama babba a nesa. Kuma in ƙaramin yatsa bai samu wurin zama ba, riƙo yakan yi sako-sako. Wannan kan sa sashen sama ya kasa ja da baya har ƙarshe, ƙwanson harsashi ya maƙale a tsaye, bindiga ta cije. Mutane kan ɗora laifin a kan bindigar, alhali wuyan hannu ne bai tsaya ƙyam ba. Filayen koyon harbi da dama suna ba da hayar bindigogi. Ka harba akwati guda mai harsashi 50 da kowacce kafin ka biya.

Ni mace ce, ina da P365 da nake fita da ita. Ina son wata ta gida, amma ina da yara ƙanana.

Hajiya, a gida babu abin ɓoyewa, saboda haka girma ribarki ne. Ki nemi cikakkiyar fistol mai bututu inci 4 zuwa 4 da rabi, mai cin 15 zuwa 17, ita ma 9mm kamar taki. Kada mai kanti ya ce miki ƙarama ce ta dace da mata. Babba ta fi laushin harbi, kuma sau da yawa ta fi sauƙin ɗanawa, don sifirin ɗin ƙananan fistol yana da tauri, wurin kamawa kuma kaɗan ne. Abin gwadawa shi ne ko gaɓar farko ta yatsanki na kaiwa kunama ba tare da kin murɗe riƙo ba. In kina jiha irin su Kalifoniya ko New York, doka ta taƙaita magazin a harsasai 10, amma nauyin babbar zai ci gaba da amfanar ki.

Ki zaɓi mai layin ɗaura tocila a ƙarƙashin bututu, ki kuma ajiye wata tocilar ta hannu. Ta jikin bindiga duk inda ta haska, can bakin bindiga yake kallo, bai kamata a leƙa ɗakin yara da ita ba. Ba a harbin motsi ko inuwa sai an ga fuska.

Game da bango, yawancin gidajen Amurka allon jifsam ne a ciki, kuma kowane harsashin fistol yana ratsa shi, har bango fiye da ɗaya. Harsashi mai rami a baki yana buɗewa idan ya shiga jiki, abin da ke rage masa wucewa, amma in ya sami bango ramin kan toshe ya zarce. Ma'aunin hukumar bincike ta FBI shi ne harsashi ya nutse inci 12 zuwa 18 a cikin jelatin na gwaji. Ki sayi wanda ya cika wannan ma'auni, ki harba aƙalla magazin biyu ko uku da shi don tabbatar da bindigar tana haɗiye shi lafiya.

Batun yara kuwa babu ciniki. Akwatin ƙarfe mai buɗewa da lambobi, a ɗaure shi da kusoshi a jikin gado ko bango, a saye shi rana ɗaya da bindigar. Saman kabad da ƙarƙashin matashi ba ma'aji ba ne. In mai batir ne, a riƙa canza batirin duk shekara. P365 ɗin ma can za ta shiga da zarar kin dawo gida.

Libarba fa? An ce ba ta cijewa.

Tana cijewa, amma ba safai ba, kuma in ta cije sai makaniken bindiga. Ƙaramar libarba irin Smith & Wesson 642 tana cin harsasai 5 na .38 Special, ba ta da nauyi, tana shiga kuben aljihu. Amma kunamarta ta ninka ta Glock tauri, sake ɗura ta yana cin lokaci, ga shi za ka riƙa sayen harsashi iri biyu. Mai son ta sai ya ƙara atisaye.

Gargaɗi ga masu haɗa .380 da 9mm a gida ɗaya: kaurinsu ɗaya, tsawonsu ya bambanta. A raba musu akwati.

Tunda na taɓa saye, sai an sake bincike na?

A wajen dillali mai lasisin tarayya za ka sake cike fom 4473 na sayen bindiga, kuma galibi a sake duba sunanka a tsarin NICS na binciken tarihin masu sayen bindiga, sai a jihohin da lasisin ɗaukar bindiga ke tsayawa a madadin binciken. Kalifoniya tana sa jiran kwana 10, New Jersey kuma fistol ɗaya ta yarda a saya cikin kwana 30. Wanda ya sayi biyu a wurin dillali ɗaya cikin ranakun aiki 5, dole dillalin ya sanar da hukumar ATF mai kula da harkar bindigogi. A kasafinka ka sa kube na musamman ga sabuwar, mai tauri, wanda ya rufe kunama ruf, domin na tsohuwar ba lallai ya kama ta ba, kuma wajen mayar da bindiga kube ne gefen riga kan shiga ya ja kunama.