Kafin ka taɓa bangon maɓoyar yaƙi

Ɗana, ka tambaye ni ta ina magini zai fara idan aka damƙa masa tsohuwar maɓoyar yaƙi ta bakin teku, aka ce ya mayar da ita gidan baje kolin zane-zane, kuma a ganinka fasa tagogi ne aikin farko domin haske ya shiga. Ni kuwa tagogi su ne abin da zan bari sai ƙarshe, in ma za a yi su.

Dubi sansanin jiragen ƙarƙashin teku da Jamusawa suka fara ginawa a Saint-Nazaire ta Faransa a 1941. Tsawonsa ya kai mita 300, rumfunansa na ajiye jiragen 14, kaurin rufinsa kuma wajen mita 8. Bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu sun rusa garin, shi kuwa yana nan tsaye, har aka mayar da rumfa ta 14 zauren fasaha a 2007. Irin wannan kankare ba a kai masa injin fasawa, domin girgizar takan buɗe tsagar da ido bai gani ba. Inda ƙofa ta zama dole, injiniya yakan fara gano kwanciyar rodi, sannan a yanka da waya mai ƙwayoyin daimon ana kwarara mata ruwa.

Abin da zai cinye maka lokaci da kuɗi shi ne ruwa. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, gishirin ya bi ƙofofin kankare har ya cimma rodi, rodin ya yi tsatsa ya kumbura, sai ya ture kankaren da ya rufe shi. Saboda haka ka ɗauki guduma ka bi bango kana ƙwanƙwasawa. Duk inda ya amsa da amon holoƙo, ka sare har bayan rodin, ka kankare tsatsar, sannan ka cike. Yoyon rufi kuma a tsayar da shi tun kafin kowane aikin ciki.

Ko bayan an toshe yoyo, da sauran rina a kaba. Bango mai irin wannan kauri yakan riƙe sanyi, don haka da iska mai ɗumi ko numfashin baƙi ya taɓa shi sai ya yi gumi kamar randa. Zane kuwa yana buƙatar danshin iska ya tsaya wajen kashi 50 cikin 100, zafi kuma kusan digiri 20. Kada ka yarda ka shafe bangon da filastar siminti ko fentin mai, domin ruwan zai taru a baya ya ɓamɓare su, ga shi kuma ka binne sawun katakon zuba kankare, wanda shi kansa abin kallo ne. Ɗaki ake ginawa a cikin ɗaki, a bar rata tsakaninsa da tsohon bango domin iska ta riƙa zagayawa.

Wani lokaci ma ginin ba zai karɓi zane na ainihi ba. A sansanin jiragen ƙarƙashin teku na Bordeaux ta Faransa, tun 2020 hotunan zane ake haskawa a kan bango da saman ruwa. A Blåvand ta Danmak kuwa, da aka buɗe gidan tarihi na maɓoyar yaƙi ta Tirpitz a 2017, sababbin zauruka aka gina cikin tudun yashi kusa da maɓoyar, aka haɗa su da ita ta wata hanya ta ƙarƙashin ƙasa. Ka auna danshin ginin rani da hunturu, ka gaya wa mai aiki wanne daga cikin waɗannan hanyoyi ginin zai ɗauka, tun kafin ku yi maganar farashi.