Ganin kifin wel da fengwin a yini ɗaya daga Kef Tawun

Malam, ka tambaya ko yini ɗaya zai isa a ga kifin wel da tsuntsayen fengwin, a kuma biya gonakin inabi. Zai isa, muddin ka yi sammako kuma tafiyar ta faɗo tsakanin Yuni da Nuwamba, lokacin da kifayen suke zuwa gaɓar Hermanus, wani gari a kudu maso gabashin Kef Tawun ta Afirka ta Kudu, domin haihuwa, har ana hango su daga kan duwatsu ba tare da shiga jirgin ruwa ba. Ka bi hanyar R44 ta bakin teku, ka fara tsayawa a Stony Point, mazaunin fengwin da ke garin Betty's Bay, amma kada ka taɓa fengwin, domin suna cizo kuma yawansu yana raguwa ƙwarai. Ɗanɗanon giyar inabi kuwa a kwarin Hemel-en-Aarde da ke kusa da Hermanus ake yinsa. Idan ba ka sha, ka sanar da mai shirya tafiyar tun da wuri.